Ribar da Ba a Raba Ba: Ina Kuɗin Kamfanin Hayar Jirage Suke Shiga?

Yau za mu leƙa layi guda ɗaya a cikin rahoton kuɗi da kamfanoni ke fitarwa duk shekara, wato layin da ake rubuta jimillar ribar da kamfani ya ci tun kafuwarsa amma bai raba wa masu hannun jari ba. Wasu na fassara shi da "ajiyayyar riba". Mu dai wannan fassarar ba ta kwanta mana ba, domin da zarar Bahaushe ya ji kalmar ajiya sai ransa ya hango masa asusu ko akwatin ƙarfe maƙare da daloli, ana jiran ranar fasawa. Babu wannan akwatin. Mun fi son mu ce "ribar da ba a raba ba", ko da ta fi tsawo a baki. Kuma babu inda wannan bambanci ya fi fitowa fili kamar a kamfanin da sana'arsa ita ce sayen jiragen sama yana ba da su haya.

Da yawa daga cikin fasinjoji ba su san cewa jirgin da suka hau, duk da suna da tambarin kamfanin jigila da ke jikinsa, na wani ne daban ba. Kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne. Mafi girman masu ba da hayar shi ne AerCap, mai hedikwata a Dublin ta ƙasar Ayalan, wanda ake cinikin hannayen jarinsa a kasuwar New York tun 2006. Ba ya ɗaukar fasinja ko ɗaya. Yana yin odar jirage da yawa a lokaci guda daga Boeing da Airbus don ya samu sauƙin farashi, ya ci bashi mai rahusa ya biya, sannan ya miƙa wa kamfanonin jigila su riƙa biyan haya wata-wata na tsawon shekaru goma zuwa sha biyu. Idan wa'adi ya cika ya karɓi abinsa, ya ba wani ko ya sayar. A 2014 ya saye babban abokin hamayyarsa ILFC daga hannun AIG, a ƙarshen 2021 kuma ya haɗiye GECAS, sashen hayar jirage na General Electric, a cinikin da ya kai kimanin dala biliyan 30.

Kafin mu shiga tarihinsa, bari mu yi lissafi da jirgi ɗaya tak. Alƙaluman na misali ne, namu ne, don a ga yadda abin ke tafiya.

A ce kamfani ya sayi jirgi a kan dala miliyan 50. Miliyan 36 bashi ne, miliyan 14 kuɗin masu hannun jari. Ya ba da shi haya a kan dala 400,000 a wata, wato miliyan 4.8 a shekara. Kuɗin ruwan bashin, a kashi 5 cikin ɗari, ya cinye miliyan 1.8. Albashi da haraji da sauran hidindimu, a ce dala 300,000. Saura miliyan 2.7 a hannu. Mai gaggawa zai ce ga riba nan. Akanta zai ce a dakata, jirgin nan tsufa yake yi. Ƙa'idar da AerCap da takwarorinsa suka saba bi ita ce a ɗauka jirgin fasinja zai yi aiki shekara 25, a ƙarshe ya rage da kashi 15 cikin ɗari na farashinsa. To daga miliyan 50 a cire miliyan 7.5 da za su rage, saura 42.5, a raba gida 25. Kowace shekara darajar jirgin na zaizayewa da miliyan 1.7 a littafi. Idan aka cire wannan, ribar gaskiya miliyan 1 ce kacal.

Ku lura da abin da ya faru. Kuɗin da suka rage a hannu miliyan 2.7 ne, ribar kuwa miliyan 1. Waccan miliyan 1.7 ba a biya wa kowa ita ba, amma uwar kuɗi ce ke dawowa a hankali, kuma wanda ya cinye ta a matsayin riba zai wayi gari bayan shekara 25 ba jirgi ba kuɗin sabo. Duk wanda ya taɓa ba da Keke Napep ana kawo masa balas ya san wannan ciwon: kuɗi na shigowa kullum, sai ranar da inji ya buga a gane ashe uwa ake ci.

To, ita miliyan 1 ɗin fa? Idan shugabannin kamfani suka raba wa masu hannun jari, ta fita ke nan. Idan ba su raba ba, sai a ƙara ta a kan layin da muke magana. Amma su kuɗin ba sa kwana a banki. An rage bashi da su, ko an ba Airbus kafin alƙalami na jirgin da za a karɓa bayan shekara huɗu ko biyar. Shi ya sa kamfani zai iya nuna biliyoyin daloli a wannan layi alhali tsabar kuɗin da ke asusunsa ba su kai ko kusa ba. Layin yana ba da labarin inda dukiyar ta fito ne: wannan kaso na jiragen, da guminmu muka saye shi, ba da bashi ko sabon jarin wani ba. Wanda yake son ganin ribar da idonsa sai ya je filin jirgi, tana can da fukafukai.

Akwai kuma wani tarko da ya keɓanta da wannan sana'a. Kamfanonin jigila da dama, musamman waɗanda ba a yarda da ƙarfin aljihunsu ba, ana sa su riƙa biyan wani ƙarin kuɗi bisa awannin da jirgi ya yi a sama, don a tara na babban gyaran inji. Waɗannan kuɗin suna hannun mai jirgi, suna kumbura masa asusu, amma amana ce, a ɓangaren bashi ake rubuta su har zuwa lokacin da za a yi gyaran. Saboda haka yawan kuɗi a asusu ba ya nuna riba, yawan ribar da ba a raba ba kuma ba ya nuna kuɗi a asusu. Kowanne da hanyarsa.

Yanzu ga abin da ya sa muka ɗauko maganar. Daga 2006 har zuwa 2024, kusan shekara 18, AerCap bai riƙa biyan masu hannun jarinsa rabon riba ba. Sai a watan Mayun 2024 ya sanar da na farko, santi 25 a kan kowane hannun jari duk bayan wata uku. A wajen mutane da yawa wannan rowa ce. A namu ganin ita ce dabarar da ta dace da irin wannan sana'a, kuma shekaru uku a jere sun ba da shaida.

Dalilin farko bashi ne. Kamfanin hayar jirage da kuɗin mutane yake kasuwanci. Bashin AerCap ya haura dala biliyan 40, kuma ma'aunin da ya ɗora wa kansa shi ne bashin ya tsaya wajen ninki 2.7 na jarin masu kamfani. Ma'anar wannan ita ce, duk dala ɗaya da aka bari a gida ba a raba ba tana ba shi damar ciyo kusan dala uku ya sayi jirgi na kusan dala huɗu. Sannan masu ba da bashi suna duban kaurin wannan jari kafin su yanka kuɗin ruwa. Ita kuwa sana'ar gaba ɗaya a kan ɗan tazarar da ke tsakanin kuɗin haya da kuɗin ruwa take tsaye. Idan ruwan ya hau da kashi ɗaya cikin ɗari a kan biliyan 40, dala miliyan 400 ke nan a shekara sun tafi.

Dalili na biyu shi ne asara, wadda a wannan sana'a ba ta zuwa kaɗan-kaɗan. A 2020 korona ta ajiye jiragen duniya a ƙasa. Kamfanonin jigila irin su LATAM da Avianca da Aeromexico suka nemi kariyar kotu daga masu bin su bashi, sauran kuma suka yi layi suna roƙon a ɗaga musu ƙafa kan kuɗin haya. AerCap ya duba manyan tsofaffin jiragensa, irin su Airbus A330 da Boeing 777, ya ga ba za su ƙara kawo kuɗin da aka yi zato ba, ya zabtare kimanin dala biliyan 1 daga darajar jirage a littafinsa. Ya rufe shekarar da asarar dala miliyan 299.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ta 2022, wadda ta fi muni. Lokacin da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu, AerCap na da jirage 135 da injuna 14 a hannun kamfanonin jigilar Rasha. Takunkumin Tarayyar Turai ya tilasta a soke yarjejeniyoyin hayar kafin ƙarshen Maris. Gwamnatin Rasha kuma ta hana a fitar da jiragen, ta yi dokar da ta ba da damar a sake yi musu rajista a cikin ƙasarta. AerCap ya samu ya kuɓutar da jirage 22 da injuna 3. Saura 113 da injuna 11 suka maƙale. A cikin wata uku na farkon shekarar ya rubuta asarar kimanin dala biliyan 2.7 kafin haraji, ya ƙare 2022 da giɓin dala miliyan 726. Wannan fa watanni kaɗan ne bayan ya ɗauki ƙaton bashi don sayen GECAS.

Ina wannan asarar ta sauka? A kan layinmu. Asara riba ce da ta juya baya, ana cire ta daga abin da aka tara a shekarun baya. A ranar da aka rubuta biliyan 2.7 ɗin nan babu wani ceki da aka yanka wa kowa. Jirage ne aka share daga ɓangaren kadarori, aka rage daidai da su, bayan lissafin haraji, daga ɓangaren masu kamfani. Bashin da aka ci don sayen jiragen kuwa yana nan daram, banki bai san da zancen Rasha ba. Da a ce an riƙa kwashe riba duk shekara ana rabawa, da wannan duka ya faɗa kai tsaye kan uwar kuɗi, kuma da masu ba da bashi sun fara ja da baya a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Abin bai tsaya kan AerCap kaɗai ba. Air Lease na Amurka ma ya share kimanin dala miliyan 802 a shekarar saboda jiragensa da ke Rasha.

Mutanen Dublin ba a littafi suka koyi wannan tsoron ba. Tushen sana'ar a Ayalan shi ne Guinness Peat Aviation, GPA a taƙaice, wanda Tony Ryan ya kafa a 1975 a Shannon (shi ne dai Ryan ɗin da sunansa ke jikin Ryanair). GPA ya zama gagara-badau a shekarun 1980, ya yi odar jirage na biliyoyin daloli da ba shi da kuɗinsu a hannu, da tunanin zai sayar da hannayen jari ga jama'a ya cike giɓin. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya karya kasuwar sufurin sama. A watan Yunin 1992 aka fito da hannayen jarin, masu saye ba su zo yadda ake so ba, aka janye. Cikin shekara guda sai da General Electric ya shigo ya sayi wasu daga cikin jiragen, ya kuma karɓi ragamar kula da sauran, daga nan GECAS ya samo asali. Ragowar GPA ta sauya suna, ta sauya hannu, har ta zama wani ɓangare na abin da ake kira AerCap yau. Wato cinikin 2021 ya sake haɗa 'ya'yan gida ɗaya ne. Abin da ya kayar da GPA shi ne ya dogara da jarin da yake fatan baƙi za su kawo. Jarin baƙo yakan ƙi zuwa ran da ake nemansa. Wanda aka tara a gida daga riba ba ya buƙatar a roƙi kowa.

Duk da haka, mai hannun jari da ya ce "kuɗina ne, a ba ni" yana da hujja, kuma bai kamata mu share ta ba. Ribar da ba a raba ba tasa ce, ba ta shugabanni ba. Su kuwa shugabannin kamfani ko'ina suke suna son girma, domin girma na kawo albashi da suna. Kuɗin da aka bar musu a hannu na iya zama uzurin sayen jiragen da kasuwa ba ta buƙata. Ɗan fansho da ya zuba jarinsa ba zai ci lambar da ke cikin rahoto ba. Sharaɗin da ya halatta riƙe riba guda ɗaya ne a wajenmu: kowace dala da aka riƙe ta haifar wa mai ita abin da ya fi wanda zai samu da an ba shi ya juya da kansa. Ranar da wannan ya daina tabbata, riƙon ya zama danne haƙƙi.

A nan ne kuma ya kamata mu faɗi wani abu da zai rage wa labarin "shekara 18 ba rabo" armashi. AerCap bai riƙe komai da komai ba. Ya daɗe yana mayar wa masu jari kuɗi ta wata ƙofar, wato sayen hannayen jarinsa da kansa daga kasuwa. A 2023 kaɗai ya kashe kimanin dala biliyan 2.6 a haka, wani kaso daga hannun General Electric, wanda ya samu kusan kashi 46 cikin ɗari na kamfanin a cinikin GECAS kuma yake neman fita. Wannan ma rabo ne, yana rage jarin masu kamfani kamar yadda rabon riba ke yi. Bambancinsa shi ne ana iya tsayar da shi ba tare da hayaniya ba idan hadari ya haɗo, alhali rabon riba na wata uku-uku da zarar an fara shi ya zama alkawari, ranar da aka yanke shi kasuwa za ta ɗauka gida ya kama da wuta. Don haka wanda ya karanta layin ribar da ba a raba ba shi kaɗai, bai duba abin da aka kashe wajen sayen hannayen jari ba, rabin labari ya ji.

Sai tambaya mafi wuya, wadda muke ganin ita ce ma'aunin gaskiya. Tunda ribar ta rikiɗe ta zama jirage, ingancinta ya dogara da ingancin farashin da aka rubuta wa jiragen. Ku koma kan misalinmu. Shekara 25 da kashi 15 cikin ɗari hasashe ne, ba wahayi ba. Idan sabon samfuri mai shan mai kaɗan ya fito, kamfanonin jigila suka guji tsohon tun yana shekara 18, to duk ribar da aka bayyana a shekarun baya an kumbura ta, domin zaizayewar da aka riƙa cirewa ta yi kaɗan. Wata rana za a biya bambancin a dunƙule, kamar yadda aka yi a 2020. Kamfani mai son burge kasuwa zai iya jinkirta wannan rana, layinsa ya yi ta ƙiba a takarda.

Ta yaya mai karatu zai gane? Akwai gwaji mai sauƙi: a duba abin da ke faruwa idan kamfanin ya sayar da jirgi. Idan yana sayarwa sama da farashin da ke littafi a kai a kai, alama ce bai yi wa littafin kwalliya ba. Idan kullum da asara yake sayarwa, ko ya daina sayarwa gaba ɗaya, a yi hattara. AerCap yana sayar da jirage da dama kowace shekara, kuma a 'yan shekarun nan yana bayyana ribar ɗaruruwan miliyoyin daloli daga wannan. Sai dai a nan ma akwai sa'a a ciki: Boeing da Airbus sun kasa kawo sababbin jirage a kan lokaci, matsalar injuna ta ajiye wasu a ƙasa, shi ya sa tsofaffi suka yi tsada. Kasuwa ba za ta dawwama a haka ba.

Wannan lissafi yana taɓa mu ta wata hanya. Mai jirgin da ya ga yadda ƙasa guda za ta iya riƙe masa kadara ta share masa ribar shekaru, dole ya sa wa kowace ƙasa farashin haɗarinta. Inda ake jin tsoron kotu za ta hana a ɗauke jirgi idan an kasa biyan haya, sai kuɗin haya da na ajiya su hau, ko a ƙi bayarwa sam. Don magance wannan aka ƙulla Yarjejeniyar Cape Town a 2001. Kamfanonin jigilar Najeriya sun daɗe suna kuka da tsadar haya da wahalar samunta, kuma a watan Satumban 2024 Babbar Kotun Tarayya ta fitar da ƙa'idojin aiki da wannan yarjejeniya don a kwantar wa masu jirage hankali. Wani ɓangare na kuɗin tikitin Kano zuwa Legas daga irin wannan tsoron ya samo asali.

Su kuma jiragen da suka maƙale a Rasha, labarinsu ya koma hannun lauyoyi. AerCap ya nemi kamfanonin inshora su biya shi kimanin dala biliyan 3.5. A watan Satumban 2023 ya karɓi dala miliyan 645 a sulhu kan jiragen da ke hannun Aeroflot, kuma jimillar abin da ya maido a shekarar ta kai kusan biliyan 1.3. Tunda an riga an share jiragen daga littafi, kowace dala da ta dawo sai ta shiga a matsayin riba, ta taimaka wajen kai ribar 2023 zuwa dala biliyan 3.1. Wanda ya kalli wannan adadi shi kaɗai zai ɗauka haya ce ta yi albarka, alhali wani babban kaso nasa asarar 2022 ce ke dawowa gida. A watan Yunin 2025 Babbar Kotun Landan ta yanke cewa jiragen sun salwanta ne saboda umarnin gwamnatin Rasha, don haka masu inshorar haɗarin yaƙi ne za su biya, ta kuma ba AerCap ƙarin sama da dala biliyan 1. Shi ma wannan a layin nan ya sauka, fiye da shekara uku bayan an cire shi.